Jirgin Ƙasa Bayan Annobar Korona: Darasi Ga Al'ummar Birnin Kudu Da Gwaram

Jawabin da kwamitin kasuwanci da sufuri ya gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga Allah da Ya sake tara mu a gida lafiya. Muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan halin da jirgin ƙasa na fasinja ya shiga a ƙasar nan tun daga annobar korona, da kuma yadda ake sayar da tikitinsa.

Gabatarwa

Ranar da aka ba mu wannan aiki, wani dattijo daga cikin iyayenmu ya yi murmushi ya ce da mu, "Ku da ko taku ɗaya na dogo babu a ƙasarku, ina ruwanku da kuɗin tikiti?" Tambayar tana kan hanya, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa a yau. Gaskiya ne, daga Kantoga zuwa Basirka, daga Babaldu zuwa Fagam, ba a taɓa jin kukan jirgi ba. Amma 'ya'yanmu da ke aiki a Abuja, da 'yan kasuwarmu, da marasa lafiyarmu da ake turawa manyan asibitoci, da yawansu sun hau jirgin Kaduna zuwa Abuja, sun sha daɗinsa, sun kuma sha wuyar tikitinsa. Bayan haka, aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi yana da reshe da aka tsara zai zo Dutse, hedikwatar jiharmu da masarautarmu. Ƙa'idojin da za a bi a wannan reshe kuwa, a kan na layukan da ke aiki yanzu za a ɗora su. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Wanda ya bari sai jirgi ya tsaya a tasha sannan ya fara tambayar yadda ake shiga, to, ya makara.

Waiwaye

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a 1912 aka fara zirga-zirga sosai tsakanin Kano da bakin teku. A 1930 aka kai reshe har Nguru, wanda ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, garuruwan da yanzu suke cikin Jihar Jigawa. Ta ɓangaren kudu da mu kuma, layin da ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram sai ta faɗa tsakiya: dogo a arewa, dogo a kudu, mu kuwa sai kallo.

Iyayenmu sun san abin da wannan ya jawo. A zamanin gyaɗa, garin da yake da tasha shi ne yake da sikeli da kanti da baƙi. Malam Madori ya bunƙasa ne saboda nan ake loda gyaɗar ƙasar Haɗeja. Manominmu kuwa sai ya ɗora wa jaki ko raƙumi, daga baya babbar mota, kuma kuɗin dakon daga cikin ribarsa yake fita. Dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da ita akwai guminmu a ciki, amma albarkar tasha wasu ta sauka wa.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. A 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su kai kashi ɗaya bisa uku na yawansu na yanzu ba. Daga nan abubuwa suka yi ta ja da baya saboda rashin gyara da tsufan kayan aiki da karkatar gwamnati ga tituna, har ya zama a farkon shekarun 2000 fasinjan shekara bai kai miliyan 2 ba. An farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a kan tsohon layi a watan Disamba na 2012. Sai kuma ranar 26 ga Yuli, 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka gina da taimakon bashin Dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin. Da masu satar mutane suka addabi titin Abuja zuwa Kaduna, sai kowa ya koma jirgi, daga minista da janar har mai sayar da goro. Ɗan Birnin Kudu zai hau mota zuwa Kano, ya sake wata zuwa Kaduna, ya nufi tashar Rigasa, ya sauka a Kubwa ko Idu hankalinsa kwance.

Annoba Da Dokar Kulle

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Kafin ƙarshen watan Maris an dakatar da jiragen fasinja gaba ɗaya. A watan Afrilu aka kulle Kano, aka kuma hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ba a ɗage wannan hani ba sai farkon watan Yuli. Dukkanmu mun tuna wannan lokaci: kasuwanni a rufe, azumi ya zo mutane na zaune a gida, 'ya'yanmu na birni sun kasa zuwa sallah.

Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya dawo aiki ranar 29 ga Yuli, 2020, bayan wata huɗu. Amma ya dawo da sabon farashi. Aka ce tunda dole a bar tazara tsakanin fasinjoji, tarago ba zai ɗauki fiye da rabin mutanensa ba, saboda haka kowa zai biya kuɗin kujerarsa da ta kusa da shi. Kujerar talaka da ake biya Naira 1,500 ta koma 3,000, ta manya kuma ta kai 6,000. A lokacin hujjar tana da ƙarfi, domin man jirgi da albashin ma'aikata ba su san tazara ba. Sai dai da annoba ta lafa aka koma cika tarago maƙil, farashin bai koma inda ya fito ba. Wannan shi ne darasi na farko da muke so mu riƙe: ƙarin da aka yi da sunan larura, in ba a rubuta ranar ƙarewarsa ba, to, ya zauna ke nan.

Akwai kuma abin lura na biyu. Jirgin Legas zuwa Kano na tsohon layi, wanda shi ne na talaka da mai buhu da mai kwando, bai dawo ba sai watan Agusta na 2021, fiye da shekara guda bayan na Abuja, daga baya ma matsalar tsaro a tsakanin Minna da Kaduna ta sake tsayar da shi. Wato jirgin da manya suke hawa shi aka fara tunawa da shi.

Yadda Fasinja Suka Dawo

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2019 fasinjojin jirgin ƙasa sun kai kimanin miliyan 2.9. A 2020 suka faɗo zuwa kimanin miliyan 1. A 2021 suka tashi zuwa miliyan 2.7, a 2022 kuma miliyan 3.2. Wanda ya kalli waɗannan lambobi a gurguje zai ce ai an warke, har ma an wuce inda ake. Amma ya kamata mu dubi cikinsu. A tsakanin waɗannan shekaru an ƙara sababbin layuka biyu: na Warri zuwa Itakpe da aka ƙaddamar a watan Satumba na 2020, da na Legas zuwa Ibadan da aka ƙaddamar a watan Yuni na 2021. Saboda haka wani kaso na adadin sababbin fasinjoji ne a sababbin wurare, ba tsofaffin da annoba ta kora ne suka dawo duka ba.

Kuɗin shiga ma yana da nasa labarin. A 2019 abin da aka samu daga fasinja bai kai Naira biliyan biyu da rabi ba. A 2021, da fasinja bai ma kai na 2019 ba, an samu kimanin biliyan 5.7. Mutane sun ragu kaɗan, kuɗi ya ninka fiye da sau biyu. Dalilan a fili suke: an ninka farashi, an ƙara layuka masu tsadar tikiti, an kuma toshe wasu kafofin da kuɗi ke zurarewa. Ga baitulmali wannan labari ne mai daɗi, musamman da yake akwai bashi a wuya. Ga talaka kuwa ma'anarsa ita ce jirgi yana ƙara yi masa nisa.

Sai babban ibtila'i ya auku. A daren 28 ga Maris, 2022, 'yan ta'adda suka dasa abin fashewa a kan dogo a yankin Katari da Rijana, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta. An kashe aƙalla mutum takwas, an jikkata da dama, an tafi da fiye da sittin daji. Rukunin ƙarshe na mutum 23 bai shaƙi iskar 'yanci ba sai ranar 5 ga Oktoba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A wata uku na farkon wannan shekara fasinja ya haura dubu 950, a wata uku na biye ya faɗo zuwa kimanin dubu 420. Jirgin bai dawo ba sai 5 ga Disamba, 2022, bayan wata takwas, wato ninki biyu na tsawon dakatarwar korona. Ya dawo da ƙarancin zirga-zirga, an daina tafiyar dare, kujerar talaka kuma ta kai Naira 3,600. Wata guda bayan haka, a Janairun 2023, aka sace fasinjoji a tashar Igueben ta Jihar Edo. A 2023 adadin fasinja ya sauka zuwa kimanin miliyan 2.2.

Abin da ya sake turo mutane tasha shi ne tsadar mota. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. A 2024 fasinjan jirgi ya sake haura miliyan 3. A watan Agusta na 2025 kuma jirgin Abuja zuwa Kaduna ya kauce daga kan dogo a Asham, aka sake dakatar da shi har zuwa farkon Oktoba. Abin da wannan tarihi yake koya mana shi ne, fasinja yana auna abu uku kafin ya hau: zai isa lafiya, aljihunsa zai iya, zai kuma sami tikitin ba tare da wulaƙanci ba. Cuta ta kori mutane na 'yan watanni, amma tsoro da tsada sun fi ta daɗewa.

Batun Tikiti

Kafin 2021, sayen tikiti a layin Abuja zuwa Kaduna abin takaici ne. Jaridu sun yi ta kawo rahoton yadda mutum zai bi layi tun asuba a ce masa tikiti ya ƙare, ya juya baya ya ga 'yan cuwa-cuwa suna sayar da shi ninki biyu ko uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kujeru kaɗan ne, masu nema da yawa, ga kuma takardar da ba ta ɗauke da sunan kowa.

A watan Janairu na 2021, Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet a wannan layi, ta hannun kamfanin SecureID, bisa yarjejeniyar shekara goma. Mutum zai zaɓi rana da kujera a wayarsa, ya biya ta banki, a turo masa shaida. Cunkoso ya ragu, wanda kuma shi ake buƙata a lokacin annoba, hukumomi kuma suka bayyana cewa kuɗin shiga ya ƙaru ƙwarai. A ƙarshen 2023 aka faɗaɗa tsarin zuwa layin Legas da na Warri. Amma cuwa-cuwa ba ta mutu ba, riga kawai ta sauya. Fasinjoji sun ci gaba da kukan cewa da an buɗe shafin sayarwa, cikin 'yan mintoci sai kujeru su ƙare, alhali a bakin tasha akwai masu raɗa maka cewa suna da shi.

Harin 2022 ya nuna cewa tikiti ya wuce maganar kuɗi. A daren da abin ya faru, rahotannin farko sun ce mutum 970 ne a cikin jirgin, hukuma kuma ta ce 362 ne aka tantance tikitinsu. Kwanaki aka yi ana buga wayoyi ana neman sanin wa ya tsira, wa ya ɓata. Iyalai suna kuka, ga kuma jerin sunayen da ake ta jayayya a kansa. Saboda haka da aka dawo aiki, sai aka wajabta wa kowane fasinja ya ba da lambarsa ta shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, da lambar waya, kafin a sayar masa. Wannan doka tana da amfani, ba ma jayayya da ita. Amma mu tambayi kanmu: tsohuwa daga Kondiko da za ta je duba jikanta, wadda ba ta da babbar waya, ba ta da asusun banki, lambar katinta kuma tana rubuce a wata takarda da ta ɓace tun bara, ta ina za ta bi? In ba a yi mata tanadi ba, hannun ɗan cuwa-cuwa za ta faɗa, ya saya mata da sunan wani, ranar da wani abu ya faru kuma ba za a ga sunanta a ko'ina ba.

An kuma gwada kyauta. A ƙarshen 2021, da ƙarshen 2023, da ƙarshen 2024, Gwamnatin Tarayya ta ba da damar hawa jirgi kyauta na kimanin mako biyu a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Waɗanda suka samu sun ji daɗi. Sai dai kyauta ba ta ƙara yawan tarago, kuma wanda ya fi saurin yatsa a waya shi yake cin moriyarta. Garin da babu dogo kuma, irin namu, da harajinsa aka yi kyautar amma ko ƙamshinta bai ji ba.

Abin Da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Ko'ina a duniya korona ta kwashe fasinja daga tashoshi, kowace ƙasa kuma ta nemi hanyar dawo da su.

Jamus ta fito da tikitin Yuro 9 a watannin Yuni da Yuli da Agusta na 2022, wanda da shi mutum zai hau jiragen yanki da motocin bas a duk faɗin ƙasar har wata guda. An sayar da kimanin miliyan 52, jirage suka cika har ana barin mutane a tasha, gwamnati kuma ta biya Yuro biliyan 2.5 don cike giɓi. Da ta ga ba za a ɗore a haka ba, sai ta maye gurbinsa da tikitin wata-wata na Yuro 49 daga Mayun 2023, wanda ya koma 58 a farkon 2025. Abin koyi a nan shi ne sauƙin tsarin: tikiti ɗaya, farashi ɗaya da kowa ya sani, ya haɗa jirgi da mota.

Sifen ta ba da tikitin kyauta ga masu yawan zirga-zirga a jiragen kusa daga Satumban 2022, amma sai mutum ya ajiye 'yan kuɗi jingina, in ya yi tafiya goma sha shida a mayar masa. Da wannan dabara aka ware mai buƙata ta gaskiya daga mai karɓa don banza ce. Ingila, da ta ga ma'aikata da yawa sun koma aiki daga gida, ta fito da tikitin kwana takwas a cikin kwana 28 a shekarar 2021. Indiya kuwa ta bi wata hanya: a watan Maris na 2020 ta janye rangwamen da take yi wa tsofaffi, kashi 40 cikin ɗari ga maza da kashi 50 ga mata, da hujjar hana su tafiya a lokacin annoba, kuma shekara biyar bayan haka ba a mayar da shi ba. Kun ga labarinsu da namu ɗaya ne. Alhazanmu kuma sun ga jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina, wanda aka dakatar a 2020 ya dawo a ƙarshen Maris na 2021. A can ana sayen tikiti ta waya, ana kuma saye a tasha, kowa da kujerarsa da lokacinsa.

Ina Ruwanmu?

Yanzu bari mu dawo gida mu amsa wa dattijonmu. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar a kan kuɗi kusan Dala biliyan 2. A cikin kwangilar akwai reshe mai kimanin kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse. A watan Yuli na wannan shekara kuma aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203. In Allah Ya nufa waɗannan ayyuka suka kammala, mutum zai hau jirgi a Dutse ya sauka Kano, daga nan ya zarce Abuja, ko ya nufi Katsina da Maraɗi. Daga Birnin Kudu zuwa Dutse tafiyar ba ta kai awa guda ba a mota. Tun da aka shimfiɗa dogo a ƙasar Hausa bai taɓa matsowa kusa da mu haka ba.

Wani sauyi kuma ya faru da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya ce kaɗai take da iko a kansu. Yanzu jiha ma tana da hurumin yin doka da zuba jari a harkar. Ma'ana, ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba a Abuja kaɗai take ba, akwai wata a Dutse.

Ga 'yan uwanmu direbobi, mun san akwai fargabar cewa jirgi zai ƙwace musu abinci. Mu tuna cewa jirgi ba ya shiga Sara, ba ya shiga Sundimina, ba ya kai mutum ƙofar gidansa. Duk fasinjan da zai hau a Dutse, mota ce za ta kai shi, mota ce za ta ɗauko shi. Doguwar tafiya mai cin mai da taya za ta iya raguwa, gajeriya mai yawan sawu ta ƙaru.

Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka:

Na ɗaya, ƙungiya ta shirya gangami a kowace gunduma don taimaka wa jama'a, musamman mata da tsofaffi, su yi rajistar lambar shaidar zama ɗan ƙasa, su kuma adana ta. Ɗalibanmu za su iya yin wannan aiki a lokacin hutu. Amfaninta bai tsaya ga jirgi ba, domin banki da layin waya da jarrabawar shiga jami'a duk suna nemanta.

Na biyu, mu rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa da Ma'aikatar Sufuri, ta hannun wakilanmu a Majalisar Tarayya, cewa a ware wani kaso na kujeru da ba za a sayar ba sai a tagar tasha a ranar tafiya, a samar da hanyar saye da ƙaramar waya, a kuma yi bayanin komai da Hausa. A amince da wakilai masu lasisi a tashoshin motar Birnin Kudu da Gwaram, a manna farashi a bango inda kowa zai gani.

Na uku, mu nemi a rubuta rangwame ga ɗalibai da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da marasa lafiyar da asibiti ya tura, a matsayin ƙa'ida, ba alfarmar da za a yi yau a janye gobe ba. Duk ƙarin farashin da za a yi saboda wata larura kuma, a faɗi ranar da za a sake duba shi.

Na huɗu, mu zauna da shugabannin direbobi da ƙananan hukumominmu biyu a tsara motocin da za su riƙa tashi daidai da lokacin jirgi, mu kuma roƙi gwamnatin jiha ta duba yiwuwar tikiti ɗaya da zai haɗa mota da jirgi. Ɗan Gwaram ya fi kowa buƙatar wannan, domin tafiyarsa ta fi nisa, in ya rasa jirgin safe ya yi asarar yini da kuɗin kwana.

Na biyar, manoma da 'yan kasuwarmu su fara haɗa kai a ƙungiyoyin gama-kai. Jirgi ba ya cinikin buhu biyu, tarago yake bayarwa. Masu riɗi da zoɓo da shinkafa da dabbobi, in suka tara kayansu wuri guda, za su iya kama tarago su sami rahusar dako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, mu ja kunnen matasanmu. Satar ƙarafan dogo ta zama annoba a wasu sassan ƙasar nan, kuma wanda ya kwance ƙusa ɗaya yana iya halaka ɗaruruwan rayuka. Haka kuma kada a sami ɗanmu cikin masu cuwa-cuwar tikiti. Waɗanda suke da sha'awa su nemi ilmin aikin: an kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura domin irin wannan fanni.

Na bakwai, mu roƙi gwamnatin jiha da wakilanmu su sa a yi nazarin yiwuwar miƙa reshen Dutse ya biyo ta Birnin Kudu ya nufi Bauchi, ya haɗe da layin gabas. Mun san wannan dogon buri ne, ba aikin shekara ɗaya ko biyu ba. Amma abin da ba a rubuta a takarda aka kai ofis ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Kammalawa

Ya ku iyayenmu da 'yan uwa, sau biyu dogo yana wuce mu, a 1930 da 1964, a lokacin da ba mu da masu ilmin da za su yi magana da yawunmu. Yau ba mu da wannan uzuri. Ƙasar da ta yi Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ta yaye gwamnoni da manyan attajirai da malaman jami'a, ba ta rasa wanda zai rubuta takarda ya bi sawunta. Abin da ya sami fasinjan Rigasa da Kubwa tun daga 2020 gargaɗi ne gare mu, domin in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Muna roƙon wannan taro ya amince da waɗannan shawarwari, ya naɗa mutanen da za su bi kowace ɗaya, su kawo rahoton abin da suka yi a taron baɗi. Kwamitinmu a shirye yake ya rubuta takardun farko cikin wata guda in an ba shi izini.

Muna neman afuwa in mun tsawaita ko mun yi kuskure. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kiyaye mu daga annoba, Ya tsare matafiyanmu a titi da dogo, Ya mai da kowa gidansa lafiya.